Fatar da Takarda Ta Jeme

Mika'ilu bai taɓa riƙe wata sana'a da za a kira shi da ita ba. A Sakkwato ta wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowa da abin da ake liƙa wa sunansa: wane maƙeri, wane marini, wane baduku. Shi kuwa Mika'ilu ne kawai. In an matsa a ce Mika'ilu na Dije, da sunan matarsa.

Ɗan mahauta ne, an haife shi a Ƙofar Taramniya tun kafin Nasara su shigo gari. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, ya miƙa masa wuƙa tun yana ƙarami. To amma in an aike shi kai fatu majema da hantsi, sai la'asar ake ganinsa. Ba wasa yake tsayawa yi ba. Tsugunawa yake yi yana kallon yadda ake kankare gashi, daga can ya biya marina, ya leƙa maƙera. Ya sha duka a kan haka har tsohon ya gaji ya ba ƙanen Mika'ilu wuƙar. Haka ya girma, ya san bakin kowace sana'a a gari bai shiga cikin ko ɗaya ba. Abin da ya tara a duniya shi ne babu zauren da ba a san sallamarsa ba.

Da Nasara suka buɗe makarantar boko aka nemi wanda zai riƙa ɗebo ruwa da jaki, ya yi shara, ya kula da yaran da ke kwana a ciki. Mutane da yawa suka kauce. Mika'ilu ya karɓa. Dije ta ce ba aikin ne ya kai shi ba, so yake ya ga abin da ake yi a ciki, kuma ta fi kowa saninsa.

A can na same shi, ina ɗan shekara tara.

Abin da ya fi ba mutanen gari mamaki game da makarantar nan ba karatun ba ne, hutun ne. A makarantar allo an san Alhamis da Juma'a, an san hutun salla. Amma a rufe ƙofa kwana arba'in cur a tsakiyar damina, a ce wa yara su je su zauna, wannan ba a taɓa gani ba. Yawancin yara suka tafi gidajensu. Mu bakwai da garuruwanmu ke da nisa, gulabe sun cika, ba a aiko kowa ɗaukarmu ba. Malamai suka koma gonakinsu. Aka bar mu da Mika'ilu da Dije da jaki.

Cikin kwana uku mun fasa tulu biyu, mun yi faɗa sau huɗu, jakin kuwa da ya hango mu sai ya juya mana baya. Ran na huɗu da safe Mika'ilu ya ce kowa ya sa hularsa.

“Za mu shiga gari,” in ji shi. “Doka biyu. Hannu baya. Tambaya guda ga kowa, kowace rana. Wanda yay yi tambaya, shi bari sai gobe.”

“Baba, ina za mu?” wani ya ce.

“To, kai ka yi taka ta yau.”

Daga ranar muka san darajar tambaya. Mukan tafi da ita a baki kamar goro, muna jin tsoron tauna ta da wuri. Har musaya ake yi: wanda ba shi da abin tambaya ya ba wani tasa, a ba shi goruba. Shi ma Mika'ilu guda ɗaya gare shi, kuma yakan ajiye ta sai za mu tashi.

Mun yi kwana uku a marina. Ni na tambayi marinin me ya sa zane ke fitowa kore daga ramin, sai ya sha iska ya zama shuɗi. Ya ce kunya yake ji, shi ya sa yake canja fuska in ya ga mutane. Mika'ilu bai gamsu ba, na gani a idonsa, amma ranar ya riga ya yi tasa tambayar. Mun je maƙera, mun je wajen masaƙa, mun taka har Dundaye mun ga masu fito suna ƙetarar da kaya da manyan goruna, suna iyo a bayansu. Ko'ina muka je, kafin mu shiga, Mika'ilu zai tsaya a bakin zaure ya faɗi magana ɗaya ga mai gida:

“Ido ɗai sunka zo da shi. Abin da sunka iske nan, nan za su bar shi.”

Da wannan magana ake buɗe mana. Kowace sana'a tana da abin da ba ta son ya fita daga gidanta, kuma ba mu ake yarda da mu ba, shi ne.

A mako na uku muka je majema. Tun daga nesa wari ya tarye mu, biyu daga cikinmu suka manta doka suka kai hannu hanci. Mai wurin, Jinaidu, sa'an Mika'ilu ne, gajere mai kauri, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu.

“Ɗan mahauta,” ya ce, bai ko ɗago ba, “yau fata kak kawo ko ko surutu?”

“Ɗiyan mutane nik kawo, su ga inda wari ka zama ado.”

“Su dai riƙe hancinsu da kyau, kada shi faɗo cikin kwatarniya in jeme shi.”

Kwana huɗu muna zuwa. Muka ga ana jiƙa fatar akuya a ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa ta a kan gungume a kankare, a wanke, a sa ta a ruwan kashin tattabara ta yi laushi. Sannan a daka gabaruwa, wato bagaruwa, a zuba a kwatarniyar da aka binne a ƙasa, a tsoma fatar ana murza ta. In ta jemu a shafe ta da man gyaɗa, a rina ta da karan dafi, ta fito ja, mai laushin da za ka dunƙule ta duka a tafin hannu. Jinaidu ya amsa duk tambayoyinmu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kwana nawa a toka? Ukku. Gabaruwa nawa? Ƙwarya biyu. Ya san yaro yakan ji yau ya manta jibi.

Babban cikinmu Lawwali ne, ɗan shekara goma sha biyu, daga gabas. Babu wanda ya kai shi kyan rubutun boko a makarantar, kuma ya san da haka. Kullum in mun dawo da azahar sai ya zauna gindin bango ya rubuta abin da ya gani a littafinsa. Bai ɓoye ba. Ni ke fiƙe masa fensir. Babu wanda ya yi tunanin komai, har Mika'ilu, wanda yakan tsaya a kansa yana kallon yadda baƙaƙen ke jeruwa.

Ran na biyar Lawwali ya tafi da littafin cikin riga. A makaranta an koya mana cewa in malami ya ba ka darasi, girmama shi shi ne ka biya masa ba kuskure. Muna isa, bayan gaisuwa, ya fito da hannuwansa daga baya, ya buɗe littafi, ya miƙe ƙafafu kamar yadda ake yi gaban allo, ya karanta wa Jinaidu jima tun daga toka har karan dafi.

Jinaidu ya ajiye fatar da ke hannunsa.

“Sake,” ya ce.

Lawwali ya sake, fuskarsa cike da murna. Kalma ɗaya ba ta canja ba. Ina jin wannan ne ya fi taɓa Jinaidu. Mutum in ya maimaita magana yakan rage ya ƙara, wannan abu kuwa bai rage ba.

“Yaro, wanga littafi, in hutu ya ƙare, wa ka duba shi?”

“Malam, Baba.”

“Shi malam, wa ka duba nashi?”

Kowa ya san Bature yakan shigo aji ya buɗe littattafai. Kowa kuma ya san a shekarun nan Turawan kamfani ba su da magana sai ta jar fatar Sakkwato.

Jinaidu bai ɗaga murya ba. Ya dubi abokinsa ya ce, “Mika'ilu, ka ce ido ɗai sunka zo da shi.” Sai ya ɗauki fatarsa. “Ku gaida gida.”

Washegari muka je marina, marini ya ce ramin ba shi da lafiya. Muka je maƙera, aka ce gawayi ya jiƙe, alhali muna jin guduma daga ciki. Masaƙi ya turo a ce ba ya nan, da muryarsa. Muka bi ta kasuwa za mu koma, Mika'ilu yana gaida mutane kamar kullum, ana amsa masa da “lafiya” guda ɗaya, a juya. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da sana'a, sai zaurukan mutane. A kwana biyu duk sun rufe.

Dije ta ce a ƙone takardar a huta.

“In an ƙone, kafin la'asar ya rubuta wata,” in ji Mika'ilu.

“To a ƙone yaron.”

Lawwali ya fashe da kuka, Dije ta ba shi dumame ta ce wasa take yi. Mika'ilu bai doke shi ba, bai ma yi masa faɗa ba. Ya zaunar da shi ya ce ya karanta masa abin. Ya karanta sau uku. Mika'ilu ya ja gemu, ya ce:

“Yau ban yi tambayata ba. Shin takarda tana iya jima?”

Ba mu yake tambaya ba. Da gaske so yake ya sani.

Da hantsi ya sa mu a gaba muka koma majema, muka tsaya daga waje inda ake shanya. Jinaidu ya fito yana goge hannu.

“Ba ni fata guda ɗanya, da gabaruwa,” in ji Mika'ilu. “Yaro shi jeme ta da takarda tai, can makaranta. Ba ni sa baki, ba ni sa hannu. In ya gama ka taho ka gani.”

“In ta jemu fa?”

“In ta jemu, na ci amana. In tahi gaban Sarkin Majema in faɗi da bakina. Kuma ƙafata ba ta ƙara taka zauren mai sana'a, ni ko ɗiyan ga.”

“In ba ta jemu ba?”

“Sai ka ga abin da kaka tsoro.”

Jinaidu ya shiga ciki. Ya daɗe a kan tarin fatu yana ɗagawa yana murzawa tsakanin yatsu yana ajiyewa. A lokacin ban san abin da yake nema ba. Ya fito da wata ƙarama, ta ɗan akuya, sirirya, ya jefa wa Lawwali.

Aka yi aikin a bayan ɗakin girki, da kwatarniyar Dije, bayan ta faɗi abin da za ta faɗa a kan wari da kan mutanen da ba su da aikin yi. Lawwali ne mai karatu, mu shida masu hannu. Mika'ilu kuwa ya zama ɗan kallo, yana zagaye da hannu a baya. Sai a ranar na lura cewa haka yake tafiya tun asali.

Mun san abin da ke kan fatar nan. Da maraicen farko wani daga cikinmu ya ce mu zuba mata gishiri a ɓoye, ko mu bar ta a rana ta lalace, Baba ya tsira. Ashe yana bayan danga yana ba jaki dusa.

“Wanda yaɓ ɓata ta da gangan,” ya ce, “ya sa na ci amana sau biyu. Ku yi abin da takarda tac ce.”

Lawwali ne ya fi kowa shiga uku. In fata ta yi kyau, ya kashe wa Baba gari. In ta lalace, rubutunsa da yake taƙama da shi ya zama banza. Ya daina cin abinci sosai, amma bai tsallake layi ko ɗaya ba.

Ran na biyu a ruwan toka, gashin ya fara tasowa da kansa yana yawo a kan ruwa. Mika'ilu ya zo ya leƙa, ya buɗe baki, ya rufe.

“Baba, a cire?” in ji Lawwali.

“Mi takarda tac ce?”

“Kwana uku.”

“To.”

Ran na uku muka cire. Da muka ɗora wuƙa za mu kankare, sai ta shige ta ɓulla. Muka yi hankali, ta sake ɓulla. Huji biyar muka ƙirga. Muka ci gaba. Mun sha wuya wajen tara kashin tattabara, har wani ya faɗo daga katanga. Muka daka gabaruwa, muka auna ƙwarya biyu daidai da ƙwaryar Dije, muka murza har hannuwanmu suka yi baƙi. Muka shafa mai, muka rina, muka shanya a inuwa yadda aka rubuta. Da ta bushe ta miƙe ƙamas kamar faifai, launinta kamar hantar da ta kwana.

Jinaidu ya zo bayan sallar la'asar, shi da wani marini da ya ce hanya ce ta biyo da shi. Ya karɓi fatar, ya ɗaga ta sama ya leƙa Mika'ilu ta huji ɗaya. Ya lanƙwasa ta, ta yi ƙara, ta tsage. Ya tafi wajen kwatarniya, inda sauran ruwan gabaruwa yake, ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe. Ya tofar.

“Wanga ruwa ko jinjiri a ba shi. Nawa kunka zuba?”

“Ƙwarya biyu, Baba. Haka ka ce.”

“Ƙwaryar wa?”

Dije ta ɗago ƙwaryar da take auna gero da ita. Ba ta kai rabin ta majema ba. Jinaidu ya dube ta, ya dubi littafin, kafaɗunsa suka fara rawa.

“Dije, ashe da wagga kika ciyar da shi shekara ashirin? Shi ya sa bai yi ƙarfin riƙon wuƙa ba.”

“Ka ji da warinka,” ta ce. “Kuma ka aiko mini da kwatarniya, tawa ta mutu.”

Mika'ilu bai yi dariya ba. Ya karɓi fatar yana juya ta, kamar wanda aka ba amsa amma bai gama jin ta ba.

Da safe Jinaidu ya aiko mu zo. Ya tara mu gaban babbar kwatarniyarsa ya ce, “Ku fiddo hannuwan nan.” Muka dubi Mika'ilu, ya gyaɗa kai. Ya sa kowa ya tsoma yatsa ya lasa. Har yau in na tuna sai bakina ya tattare. Bauri ne mai kama harshe ya manne shi da ganda, ya bar shi kamar ba naka ba.

“Mai littafi, rubuta.”

Lawwali ya rubuta, ya karanta: “Bauri.”

“Na Dije ma bauri na. Rubuta abin da yar raba su.”

Lawwali ya riƙe fensir a kan takarda. Muka jira. Ƙuda ya sauka a kan shafin ya tashi.

Jinaidu ya kama babban yatsan Lawwali, ya kai shi wata kwatarniya, ya goga a kan fatar da ke ruwan toka. Gashin ya zame. Ya goga a kan wata, ya ƙi. Ya ce rana ɗaya aka sa su, wadda ta ƙi ta tsohon bunsuru ce, wadda gashinta ya zame ta ɗan akuya. Bai ƙara bayani ba. Sai a nan na tuna yadda ya daɗe yana zaɓe a kan tarin fatu. Ban taɓa tambayarsa ba, Mika'ilu ma ban ji ya tambaya ba, ko da yake yana da tambayarsa ta ranar a hannu.

Da yamma Jinaidu ya rataya fatar tamu a kafaɗa ya ratsa kasuwa da ita, duk wanda ya tsaya sai ya nuna masa jimar boko. Kafin kwana biyu ramin marina ya warke, gawayin maƙera ya bushe. Sauran hutun mun ja zuga-zugi, mun taka shuni, wani masaƙi ya bar ni na jefa ƙoshiyar saƙa sau uku. Dokar tambaya dai ba ta canja ba.

Lawwali ya sha tsiya, har ya bar makarantar ana ce masa majemin takarda. Amma bai daina rubutu ba. Na lura daga baya in ya rubuta ƙwarya, sai ya sa yatsu ya auna bakinta, ya rubuta wannan ma a gefe. Mika'ilu ma ya lura. Ya dubi shafin, ya dubi yaron, ya tafi ɗebo ruwa.

Damina goma sha tara ya yi yana fita da yara. Tun ana bakwai har aka kai talatin, domin 'yan cikin gari ma iyayensu sun fara turo su in an yi hutu, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Ba a taɓa sa masa wannan cikin aikinsa ba, ba a kuma taɓa hana shi ba. Ya ɗan gyara maganar bakin zaure: yakan ce ido da harshe sunka zo da su, a san abin da za a ba su.

Ranar da ya rasu ba na nan. An ce mini a layin masu sallar jana'iza an gane marina da hannuwansu, an gane majema tun kafin a gan su, kuma kowa cewa yake namu ne.

Fatar kuwa Dije ta karɓe ta a madadin kwatarniya, wadda Jinaidu bai taɓa aikowa ba. Ta rufe akurkin kajinta da ita. Zuwana na ƙarshe gidansu, Mika'ilu ya tsufa, yana zaune a inuwa kusa da akurkin, ya nuna mini ita. Shekara ashirin da wani abu ruwa na dukanta, rana na dukanta, ba ta ruɓe ba, gara ba ta ci ba. Ya ce fatar da ba ta jemu ba bai kamata ta kai haka ba, kuma ya tambayi Jinaidu, shi ma bai sani ba.

“Kai da kay yi karatu,” ya ce, “mi yah hana ta ruɓewa?”

Na ce ban sani ba. Ya ce to in bincika, ba gaggawa, ya yi tasa ta yau.